Daga Randa Zuwa Duro: Tarihin Tsiro, Burkutu Da Kunun Zaƙi A Ƙasarmu

Na san wasunku da ganin kalmar burkutu a saman wannan rubutu za su ce, to, yau kuma me ya kai marubuciyar littattafan soyayya gidan giya? Ku kwantar da hankalinku, ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne kayan aikin, wato randa da tukunya da dutsen niƙa da rariya da ƙwarya, sai kuma uwa uba tsiro. Domin kuwa kayan da mai dafa burkutu take aiki da su a ƙasar Zuru, su ne dai kayan da kakanninmu mata suke dama kunun zaƙi da su a garinmu Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Dawar ɗaya ce, hikimar ma ɗaya ce. Abin da ya raba halal da haram a wannan aiki 'yan kwanaki ne kawai, da kuma sanin lokacin da ya kamata mace ta tsaya.

Mu marubuta mun saba, idan muna son nuna mugun miji sai mu shigo da shi gida tsakar dare yana tangaɗi, kwalba a hannu. Amma kwalba baƙuwa ce, shekaranjiya ta zo. Tun kafin a san ta Bahaushe ya san giya. A cikin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, an lissafa manyan mutanen da suke kewaye da Barbushe a gindin Dala, kowa da sana'arsa, akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, kuma a cikinsu akwai Bugazau, mai dafa giya. Ke nan a wancan zamani dafa giya muƙami ne kamar ƙira. Ko a 1938 zuwa 1939, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya tarar giya tana nan cikin bukukuwansu da tsafe-tsafensu. Mai gona ya kira gayya, matansa su kwana dahuwa, majiya ƙarfi su yi noma su sha. Ladan aikin ke nan.

To yaya ake yin ta, kuma da waɗanne kaya? Wannan na ji shi ne daga bakin wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Zuru da muka yi maƙwabtaka da ita a birnin Sakkwato, wadda ta gaji sana'ar daga uwarta, ta yi ta shekara da shekaru kafin ta musulunta ta bari. Ta ce aikin mako guda ne ko fiye. Da farko a jiƙa dawa a randa ta kwana, a tsame, a shimfiɗa a tabarma cikin inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai ka ga ta fitar da farin gemu. Wannan shi ne tsiro. Daga nan a shanya a rana ta bushe ƙarau, a niƙa a dutse, a dama a kwatarniya, a dafa, a bari ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bari ta huce, sannan a zuba a randar da aka saba zubawa. Bayan kwana biyu sai ta fara kumfa tana tsuwa. A wasu wurare sukan sa yauƙin dargaza ko na karan kuɓewa don gari ya kwanta ruwa ya taso. Dusar da ta rage kuwa ta dabbobi ce.

Sirrin duk yana cikin tsiron nan. Ƙwayar dawa busasshiya ba ta da zaƙi, mafi yawan abin da ke cikinta sitaci ne. Amma da ta ji danshi ta fara tsirowa, sai Allah cikin ikonsa ya sa ta fitar da wani sinadari mai narkar da sitacin ya mayar da shi sukari, don ɗan tsiron ya sami abinci. Ita kuma mace sai ta yi wa ƙwayar wayo, ta shanya ta a rana daidai lokacin da sinadarin ya yi ƙarfi, kafin tsiro ya cinye zaƙin. Idan aka tsaya a nan, abin da aka samu ruwa ne mai zaƙi, halal tsarkakakke. Idan aka bar shi ya kwana biyu tare da yis, wato waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai su cinye sukarin su mayar da shi barasa. Tsohuwar nan ba ta san sunan yis ba, amma ta san cewa sabuwar randa ba ta yin giya mai kyau, kuma ba a wanke tsohuwa da sabulu. Gaskiyarta, domin jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi, a ciki halittun suke ɓuya daga wannan dahuwa zuwa waccan. Shi ya sa randar giya abin gado ce, uwa ta bar wa 'ya.

A yankinmu jihadi ne ya yanke wannan sana'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma a cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi har da ci da shan abin da suka ga dama, ko halal ko haram. Ƙasarmu kuwa tana tsakiyar abin, ga Gwandu kusa da mu, ga Tambuwal inda ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna yana tsaron ribaɗi. A mazhabar Malikiyya haddin mashayi bulala 80 ne. Saboda haka giya ta ja da baya, ta koma cikin Arna da ƙasashen kudu da mu, irin su Zuru, inda Dakarkari suka ci gaba da al'adarsu. Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin inda ake dafa ta a cikin garinmu ba.

Kada dai a ɗauka ta ɓace daga manyan hanyoyin fatauci. Bature Clapperton, wanda ya mutu kusa da Sakkwato a 1827, ya yada zango a Kulfo ta ƙasar Nufe a 1826, a gidan wata attajira da mijinta ya rasu, mai sayar da gishiri da kanwa, amma an fi saninta da buza da bammi. Ya ce ana haɗa buzar da dawa da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa, a zuba cikin manyan randuna kusa da wuta marar ƙarfi har kwana huɗu ko biyar. Ku lura, mace ce, kuma jarinta randa ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne, giya ta fita daga gidajenmu amma kayanta ba su fita ba. Sun musulunta ne tare da masu su. Ina yarinya a ƙarshen shekarun 1980, duk lokacin da azumi ya ƙarato ko za a yi suna, kakata takan jiƙa shinkafa 'yar gida mai ɓawo, wani lokaci dawa, ta rufe da tsohon buhu a bayan ɗaki har ta tsira. Ranar kunu sai a jiƙa gero (mu a nan hatsi muke ce masa), a niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a raba ƙullun biyu. Kashi mafi yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Idan ya ɗan huce sai a zuba ɗanyen kashin da aka haɗa da garin tsiro, wasu su ƙara dankali ko ɗangarafa. Kafin gari ya waye abin da ka bari da kauri ya tsinke ya zama ruwa, ga zaƙi, alhali ko ƙwayar sukari ba a sa ba. Daga nan ne sunan kunun zaƙi ya samo asali. Kuma kakata tana da doka, duk abin da ya rage bayan kwana ɗaya da yini sai a zuba wa dabbobi. Na taɓa yi mata magiya ta bar mini, sai ta ce, "Ke kishiya, kunun da ya fara magana ba na Musulmi ba ne." Tsuwar kumfa take nufi.

Ashe maganar tana cikin littafi. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce wurin da aka ambaci hani ga yin tsimin 'ya'yan itace a cikin duma da kuma mazubin da aka shafe da kwalta. Asalinsa hadisin tawagar Abdul Ƙais ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su jiƙo a cikin mazubai huɗu, kuma malamai sun bayyana dalili, cewa abin sha yana saurin juyewa a cikinsu ba tare da mai shi ya sani ba. Wato tun wancan lokaci an gane mazubi yana da hannu a cikin abin da aka zuba masa.

Sai Turawa suka zo. Tun a taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903 Arewa ta zauna a cikin wannan hani. A Legas da gaɓar teku gwamnati na cin kuɗin fito a kan barasar Turai, a Arewa kuwa an hana sayar wa ɗan ƙasa. Amma mulkin da ya hana kwalba shi ne ya kafa bariki, ya shimfiɗa dogo, ya buɗe ma'adinan kuza a Jos, ya tara samari marasa iyali masu karɓar albashi. A nan ne burkutu ta tashi daga abin biki da gayya ta zama haja ta kullum. Kalmar "ɗan bariki" ma ai daga nan ta samo warinta. Da aka zo samun 'yancin kai, dokar Final Kod ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci a sashe na 403 ga Musulmin da ya sha abin da ke da barasa, amma ba ta hana wanda ba Musulmi ba. Hatta kasuwar mami da ke kowane barikin soja a yau, da abin sha na hatsi ta fara. Wata mata ce, Mammy Ochefu, matar wani soja, ta soma sayar da irin kununsu na Idoma a barikin Enugu a 1959.

Da ciniki ya yawaita sai randa ta kasa. Tukunyar ƙasa tana da nauyi, tana jinkirin ɗaukar zafi, tana cin itace, kuma rana ɗaya za ta tsage a kan murhu dahuwar mako ta bi ƙasa. Sai ga duro, irin wanda ake kawo kananzir da man fetur a ciki, mai cin lita 200. A yanke shi biyu, a ƙona cikinsa, a ɗora a kan duwatsu, shi ke nan an sami tukunyar da ba ta fashewa. Maƙwabciyata ta ce uwarta ta ƙi duro har ta mutu, wai yana sa giya ɗanɗanon tsatsa, amma ita da ta karɓi sana'ar ba ta da zaɓi, domin mai duro tana dafa ninkin abin da mai randa take dafawa, kuma mashaya ba sa jira. A nawa ganin tsohuwar ta fi 'yar gaskiya. Burkutu abu ne mai tsami, tsami kuwa yana cin ƙarfe. A Afirka ta Kudu, tun wajen 1929 likitoci suka fara lura da ƙarfe yana taruwa a hantar mutane fiye da kima, daga baya aka danganta shi da giyar dawa da ake dafawa a tukwanen ƙarfe da durorin. Wannan kuma idan an yi sa'a duron na mai ne, ba na maganin ƙwari ko fenti ba.

Bayan duro sauran kayan suka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, dutsen niƙa ya koma abin zama a tsakar gida. Rariyar ciyawa ta ba buhun gishiri da ƙyallen tata wuri. Randar ajiya ta zama babbar roba, tulu ya zama jarka. Don a rage tsadar dawa aka fara ƙara garin rogo a cikin damun. Abu guda da ya ƙi sauyawa a gidan burkutu shi ne ƙoƙon sha, har yau da ƙwarya ake miƙawa.

A gidajenmu na Musulmi ma hakan ta faru, sai dai mu asararmu ta fi girma, domin tsiron kansa muka yar. Wa zai yi kwana biyar yana yayyafa wa shinkafa ruwa alhali ga sukari a shago? Tukunyar dalma ta kori ta ƙasa, inji ya karɓi markaɗe, sukari ya karɓi aikin tsiro, masu son riba kuma suka gano sakarin, ɗan ƙwaya kaɗan ya zaƙaƙa bokiti guda ya bar maka ɗaci a maƙogwaro. Akwai matan da har yanzu suke yi da tsiro, Allah ya saka musu, amma ku tambayi 'yan matan yanzu goma me ke sa kunun zaƙi zaƙi, ku ji amsar da za su ba ku.

A can Turai kuwa, daidai lokacin da muke yar da namu su suke tsintar nasu. Ingila ta cire sharaɗin lasisi ga mai dafa giya a gida a 1963, Amurka ta halatta a 1978, sai kamfanoni suka shiga sayar da kayan haɗi a kwali, ruwan tsiro a gwangwani, yis a 'yar takarda, bokiti mai murfi, kowace shekara a sauya samfuri. A wurinsu abin sha'awa ne na ranar hutu. A Afirka ta Kudu garin tsiron dawa ake sayarwa a fakiti cikin kanti. Mu a nan ban taɓa ganin wanda ya ƙulla tsiro a fakiti ya sayar wa masu kunu ba, alhali kasuwarsa tana nan a kowace unguwa.

Waɗanda suka gane darajarsa su ne manyan kamfanoni, su ma sai da wuya ta kai su bango. An kafa Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, suka buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, suka fito da Maltina a 1976. Duk wannan da tsiron sha'ir ake yi, wanda ake saye daga Turai da kuɗin waje. Da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga farkon 1988. Ina mafita? Dawa. Masana masu digiri suka duƙufa koyon jiƙo da tsirarwa da shanya, aikin da matan ƙauye suka gada kaka da kakanni. Irin dawar da ta yi suna a wannan harka, SK5912, gajeriyar kaura ce da aka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. An ɗage hanin daga baya, amma kamfanonin ba su saki dawa ba, har Nigerian Breweries ta mallaki masana'antar tsiro a Aba a 2008. Saboda haka idan aka raba miki lemon malt mai sanyi a wurin walima, 'yar uwa, ki sani ƙanwar kunun kakarki ce ta je birni ta sa gwangwani ta dawo, kike biyan kuɗin motarta. Shi kuma manomin da ya sayar da buhun dawarsa ga dillali a kasuwar ƙauye, bai san ko tuwo za ta zama ko me ba.

Sai zamanin Shari'a. Zamfara, wadda Kebbe ke iyaka da ita, ta ƙaddamar a Gusau a watan Oktoba na 1999 ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, Sakkwato ta bi a 2000 lokacin Attahiru Bafarawa. Aka rufe gidajen giya, masu sana'ar wasu suka tuba suka koma kunu da ƙosai, wasu suka ƙaura, wasu suka lafe a inuwar bariki. Ni Musulma ce, ban yi kukan rufe su ba. Amma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Burkutu ba ta iya ɓuya, tana buƙatar fili da itace da hayaƙi da mako guda, warinta kuma yana kai wa unguwa ta uku, ga shi ba ta jure ajiya, cikin 'yan kwanaki ta lalace. Ita ce mai sauƙin kamawa. Abin da ya maye gurbinta ba ya buƙatar murhu. Barasar leda tana shiga aljihun ɗan makaranta, kuma yayin da ƙarfin burkutu yake tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100, ta leda takan kai kashi 40. Ga maganin tari mai kodin, wanda ya shiga har ɗakunan matan aure, sai a watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi bayan rahoton BBC. A farkon 2024 kuma hukumar NAFDAC ta sanar da fara aiwatar da hani a kan barasar leda da ta ƙananan kwalabe, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu.

Kunun zaƙi shi ma ya sami sabon mazubi, kuma shi ne ya fi damuna. A da a randa yake, bakinta a buɗe an rufa faifai, jikinta yana tsattsafo yana sanyaya abin da ke ciki, mai shi kuma tana ɗanɗanawa duk lokacin da ta sa ludayi. Yanzu a gorar roba ake ɗurawa, mafi yawa wadda wani ya sha ruwa ko lemo ya yar, a murɗe murfi tam, a jera a bokiti da ƙanƙara a ɗora wa yarinya ta nufi tasha. Idan an sami wuta ƙanƙara ta yi arha, lafiya lau. Idan babu, ga zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato da yakan haura digiri 40, ga sukari fal a ciki, ga gorar da ba a san wanda ya fara sha da ita ba. Kafin la'asar sai ka ga gorar ta kumbura ta yi tauri, kana murɗa murfin ta yi tsaki. Yarinyar ba ta san ma'anar wannan tsakin ba, an dai ce mata kada ta dawo da saura.